Shirya Wasan Diplomacy Tsakanin Mutum Bakwai da ke Nesa da Juna: Tambayoyi da Amsoshi

Diplomacy wasa ne na mutum bakwai, kuma tara magidanta bakwai a ɗaki guda su zauna awa shida ko fiye ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa tun da daɗewa masu sha'awarsa suka saba yin sa daga nesa: kowa yana gidansa, ana aika wa mutum ɗaya, wato alƙali, umarni a ɓoye, shi kuma ya fitar da sakamako. Waɗannan amsoshi na wanda ya ɗauki nauyin shirya irin wannan wasa ne, da waɗanda zai gayyata.

Wane irin wasa ne, kuma daga ina ya fito?

Wani Ba'amurke mai suna Allan B. Calhamer ne ya ƙirƙiro shi. Ya tsara shi a 1954 lokacin yana karatu a Harvard, da manyan kamfanonin wasanni suka ƙi karɓa sai ya buga kwafi 500 da kuɗin aljihunsa a 1959.

Allon wasan taswirar Turai ce kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ana farawa daga bazarar 1901. Kowane ɗan wasa yana riƙe da ƙasa guda: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha ko Turkiyya. An yanka taswirar gida 75, 56 na tudu, 19 na teku. A cikinsu akwai cibiyoyi 34, kowace cibiya tana ciyar da runduna ɗaya ko jirgin ruwa ɗaya. Manyan ƙasashen suna farawa da 22, uku-uku, ban da Rasha mai huɗu. Sauran 12 ba su da mai su, irin su Beljiyam, Holan, Sifen, Fotugal, Girka, Sabiya da Tunis, kuma a kansu ake fara rigima. Wanda ya riƙe 18 ya ci wasa.

Babu jefa dayis irin na lido, babu kati, kuma babu rundunar da ta fi wata ƙarfi. A dara kana ganin inda abokin karawarka ya ajiye ɗansa kafin ka ɗaga naka. A nan kowa yana rubuta umarninsa a asirce, a buɗe gaba ɗaya lokaci guda, don haka abin da ka sani game da niyyar maƙwabcinka shi ne abin da ya faɗa maka da bakinsa, kuma ƙa'ida ba ta tilasta masa cika alkawari ba. Runduna ɗaya ba ta korar ɗaya sai da goyon bayan wata, shi ya sa ba mai iya ci gaba shi kaɗai.

Yin sa daga nesa ba ya rage masa armashi?

Ko kaɗan. Tun 1963 wani mai suna John Boardman a birnin New York ya fara gudanar da shi ta gidan waya, yana buga sakamako a wata 'yar mujalla mai suna Graustark. 'Yan wasa na rubuta wa juna wasiƙu, zagaye ɗaya ya ɗauki makonni, wasa guda ya shekara biyu ba a gama ba. Shi kansa Calhamer ya yi shekaru yana aikin raba wasiƙu a jihar Illinois.

A zaune, kowa yana ganin wanda ya ja wani gefe, da daɗewar da suka yi suna ƙus-ƙus. Daga nesa wannan ya kau: Italiya da Turkiyya na iya kwana suna ƙulla wa Ostiriya tarko ba wanda ya sani. Abin da ake rasawa shi ne kallon idon mutum lokacin da yake yi maka alkawari. A madadinsa ana samun lokacin tunani, da rubutattun saƙonnin da za ka koma ka sake karantawa.

Mutum nawa nake buƙata?

Goma: bakwai masu wasa, alƙali ɗaya, da mutum biyu a benci waɗanda suka amince duk ranar da aka kira su za su karɓi ƙasar da mai ita ya bari, ko da ta lalace. Littafin ƙa'idoji ya ba da hanyar yi da mutum shida, a bar Italiya ba mai ita, ko da biyar, a bar Italiya da Jamus. Wannan ya yi don koyo. Amma ƙasar da ba mai ita ganima ce ga maƙwabtanta, na nesa da ita kuwa ya shiga da rauni tun kafin a fara. Gara ka jinkirta mako biyu ka cika bakwai.

Me zai hana in zama alƙali kuma in riƙe ƙasa?

Alƙali ne ke ganin umarnin kowa kafin wa'adi ya cika. Ko da kai mai amana ne da ba zai leƙa ba, ranar da ka dace ka tare wani hari, zargi ya shiga zukatan sauran ke nan, kuma ba rantsuwar da za ta fitar da shi.

Aikinsa shi ne ya karɓi umarni, ya rufe bakinsa, ya fitar da sakamako a kan lokaci tare da sabuwar taswira, ya amsa tambayar da ta shafi ƙa'ida. Shawarar dabara ba tasa ba ce. In wani ya tambaye shi ko jirgin da ke Kiel zai iya zuwa Denmak, sai ya ce e. In ya tambaye shi ko ya kamata ya je, sai ya yi shiru. Hatta cewa "ka tabbata wannan kake so?" sakin zance ne, domin mai wayo zai gane akwai abin da alƙali ya gani a takardar wani.

Su wa ya kamata in gayyata?

A nan wasanka zai rayu ko ya mutu, kuma ba gwanaye nake ce maka ka nema ba. Ƙa'idojin ana koyon su a yini ɗaya. Abin da ba a koya wa mutum shi ne ya ci gaba da aiko da umarni a 1905, lokacin da ya rage da cibiya biyu, wanda ya yarda da shi ya juya masa baya, kuma ba ya hango nasara ko daga nesa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ka dubi abin da ke faruwa idan mai riƙe da Ostiriya ya yi fushi ya daina amsa saƙo a 1903. Rundunoninsa sun tsaya cik. Turkiyya ko Rasha, duk wanda ya fi kusa, zai kwashe Budapest da Vienna da Trieste da Sabiya ba tare da ya zubar da gumi ba. Mai riƙe da Faransa, wanda ya yi wata guda yana lallaɓa Ingila da Jamus yana gina matsayinsa a yamma, sai ya wayi gari ga wani ƙato ya taso daga gabas da cibiyoyi goma sha biyu. Bai yi kuskure ba, amma an cuce shi, kuma wanda ya cuce shi ba ya ma cikin wasan. Cin amanar da ake yi a kan allo ba ya kashe wasa, don shi aka taru. Gudu ne ke kashe shi.

Saboda haka ka gaya wa kowa gaskiya tun farko: abin zai kai wata uku, zai ci masa ɗan lokaci kusan kullum, za a yi masa alkawari a saɓa, kuma ana iya share shi daga taswira. Wanda ya ce "bari mu gani" ka sa shi a benci.

Sannan ka guji haɗa mutum biyun da ɗaya ba zai iya yaƙar ɗaya ba: maigida da yaron shagonsa, malami da ɗalibinsa, wa da ƙanin da ke jin nauyinsa. Kunya da girmama na gaba abin yabo ne, amma ƙanin da ba zai iya ƙwace Warsaw daga hannun yayansa ba ya mayar da wasan na mutum shida, ɗayansu da rundunoni ninki biyu. Haka ma mutum biyun da ke da tsohuwar jiƙaƙƙiya, za su kawo ta kan allo su bar sauran suna kallo.

Yaya ake raba ƙasashe?

Hanya mafi tsabta ita ce ƙuri'a, a jefa ta inda kowa zai shaida. Wata hanyar kuma kowa ya aiko wa alƙali jerin ƙasashen yadda yake son su, daga ta ɗaya zuwa ta bakwai, inda aka yi karo a raba da ƙuri'a.

In sababbi sun yi yawa, yana da kyau ka san halin kowace kujera. Ingila da Turkiyya suna lungu, da wuya a kashe su da wuri. Faransa tana da Sifen da Fotugal a bayanta, tana yafe wa mai koyo kurakuransa. Rasha ta fara da huɗu amma tana da iyaka mai tsawo, daga arewa har Bahar Aswad. Jamus da Ostiriya suna tsakiya, kowa na iya taɓa su. Italiya tana jinkirin girma, tana son mai haƙuri. Kuma Venice ta Italiya da Trieste ta Ostiriya su kaɗai ne cibiyoyin gida na ƙasashe biyu da ke manne da juna tun ranar farko, don haka waɗannan biyun suna farawa ne da hannun kowa a wuyan ɗan'uwansa. Mutumin da ba ya son yawan magana, kada a ba shi Ostiriya in da hali.

Wane wa'adi ya dace?

Kowace shekara a wasan tana da matakai biyar: tafiyar bazara, ja da baya, tafiyar kaka, ja da baya, sai gini ko rushewa a hunturu, wato ƙara ko rage rundunoni su dace da yawan cibiyoyin kowa. Mallakar cibiya ba ta canzawa sai bayan kaka. Ga masu aiki, kwana uku ga kowace tafiya da kwana ɗaya ga kowane ƙaramin mataki ya wadatar. Shekara guda ta zama kwana tara ke nan, shekara goma kwana casa'in. Zagayen farko a ba shi mako guda, domin a nan ne kowa ke buƙatar gaisawa da mutum shida. Ko a zaune ma littafin ƙa'idoji ya ba zagayen farko minti 30, sauran kuma 15.

Ka tsayar da sa'a guda da ba ta canzawa, misali ƙarfe tara na dare, bayan an idar da sallar isha an ci abinci. Ka faɗi agogon da ake bi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, amma Gana tana baya da awa guda, Sudan tana gaba da awa guda, Saudiyya da awa biyu. Makon Sallah da goman ƙarshe na azumi a amince tun farko cewa hutu ne.

Wanda ke son ƙarin lokaci ya nema kafin wa'adi ya cika, ta hannun alƙali, kuma a ƙayyade sau nawa kowa zai iya nema. Tunda wuta da sabis ba su da tabbas, a yarda cewa saƙon tes na waya ma ya isa umarni. Wa'adi kuwa in ya cika ya cika. Alƙalin da ya jira abokinsa minti ashirin yau, gobe ba shi da bakin hana wani awa biyu.

Yaya ake rubuta umarni?

Umarni huɗu ne kacal: tsayawa, tafiya, goyon baya, da fito, wato jirgin da ke kan teku ya tsallakar da rundunar ƙasa. Ana rubuta A ga rundunar ƙasa, F ga jirgin ruwa, S ga goyon baya, C ga fito, H ga tsayawa, sannan haruffa uku na sunan wuri yadda yake a taswira. "A Par - Bur" na nufin rundunar Paris ta tafi Burgundy.

Ƙa'idar ita ce umarnin da aka rubuta da kuskure amma ma'anarsa ɗaya ce, a bi shi. Wanda ke ɗaukar ma'ana biyu ba a bin sa, rundunar ta tsaya. Wurare biyu ne sababbi suka fi tuntuɓe. Na farko "Nor": akwai wurare biyar da sunansu ya fara haka, don haka a rubuta Nwy, Nth, Nwg, NAf ko NAO. Na biyu gaɓar teku: Sifen, Bulgeriya da St Petersburg kowace tana da gaɓa biyu, kuma jirgin da ya taso daga Fotugal zuwa Sifen, ko daga Constantinople zuwa Bulgeriya, dole ya faɗi gaɓar da yake nufi.

Ka roƙi kowa ya aiko da umarnin wucin gadi a ranar farko ta zagaye, ya canza shi sau nawa ya ga dama. Na ƙarshe da ya iso kafin wa'adi shi ne abin bi. Wannan ɗabi'a ita kaɗai tana maganin rabin matsalolin da za su taso.

A nuna mana yadda alƙali ke yanke hukunci.

Mu ɗauki kakar 1901, ana neman Beljiyam. Faransa tana da runduna a Picardy da Burgundy. Jamus tana da runduna a Ruhr da Munich, da jirgi a Holan. Ingila tana da jirgi a Tekun Arewa.

Faransa ta rubuta: A Pic - Bel, A Bur S A Pic - Bel. Ƙarfinta biyu. Jamus ta rubuta: A Ruh - Bel, F Hol S A Ruh - Bel. Ita ma biyu. Da a nan aka tsaya, sun yi karo, ba mai shiga, Beljiyam ta kwana ba mai ita. Amma Jamus ta ƙara da A Mun - Bur. Rundunar Munich ba za ta iya shiga Burgundy ba, ɗaya da ɗaya ne, sai dai harin ya yanke goyon bayan da Burgundy ke bayarwa, domin duk rundunar da aka kai wa hari daga wani wuri da ba inda take tallafa wa shiga ba, goyon bayanta ya faɗi. Faransa ta koma ɗaya, Jamus biyu, Jamus ta shiga Beljiyam.

Yanzu ka dubi jirgin Ingila. In ya rubuta F Nth S A Pic - Bel, Faransa ta dawo biyu, an sake yin karo. In ya goyi bayan Jamus, ko ya yi tafiyarsa wani wuri, Faransa ta tashi a tutar babu. Kwana ukun da suka gabata Faransa da Jamus duk sun yi ta zarya wurin Ingila, kuma mai yiwuwa ta amsa wa kowannensu da "ba komai, ina tare da kai". Wasan ke nan gaba ɗayansa.

Alƙali ya bi matakan a jere: ya fara duba goyon bayan da aka yanke, ya ƙirga ƙarfi, ya fitar da waɗanda aka kora. Wanda aka kora ba ya ja da baya zuwa inda maharinsa ya fito, ko wurin da aka yi karo aka bar shi fanko a wannan zagaye.

In wani bai aiko da umarni ba fa?

Rundunoninsa su tsaya inda suke, wadda aka kora a rushe ta. Haka littafi ya ce. Amma kai mai shiryawa kada ka tsaya nan. Karo na farko ka kira shi a waya ka ji lafiya, domin rashin lafiya da rasuwa da tafiyar gaggawa suna faruwa. Karo na biyu a jere ɗan benci ya karɓa, ba tare da jayayya ba, kuma wannan ya kasance a rubuce tun kafin a fara don kada ya zama kamar wulaƙanci.

Zagayen farko daban ne. In wani bai aiko ba a bazarar 1901, a dakatar, a maye gurbinsa, a sake. Ƙasar da ta rasa tafiyar farko da wuya ta farfaɗo.

Wanda ya karɓi ƙasa mai cibiya biyu daga benci ya yi wa mutum shida alheri. In za a shirya wasa na gaba, shi ya fara zaɓen ƙasa.

Wace yaudara aka yarda da ita, wacce aka hana?

Tsakanin 'yan wasa, a kan abin da ya shafi allo, ƙofa a buɗe take: alkawarin da ba za a cika ba, kai gulmar wani wurin wani, nuna kana tare da mutum alhali kana haƙa masa rami. Abin da aka hana shi ne duk abin da ya fita daga allo. Ba a yi wa alƙali ƙarya. Ba a kwaikwayon saƙonsa. Ba a leƙa wayar wani. Ba a saye goyon baya da katin waya ko wata alfarma ta zahiri, ba a yi wa mutum barazana da zumunci, ba a zagi.

Ina ba da shawarar a hana tura hoton saƙon wani. In Rasha ta ce wa Jamus "Ingila ta ce za ta kai maka hari", Jamus sai ta auna: gaskiya ce ko makirci? Wannan aunawa ita ce daɗin wasan. Da zarar an turo hoton saƙon, shakka ta ƙare, kuma daga ranar ba mai sake rubuta wa wani abin da ke ransa. A bar mutum ya faɗi abin da aka gaya masa da bakinsa, a yarda ko a ƙi.

Sanarwar alƙali da taswira da maganar da ake so kowa ya ji su kasance wuri guda da duka ke gani. Tattaunawar sirri kuwa tsakanin mutum da mutum.

Ni ba na son yin ƙarya ko a wasa. Akwai wurina?

Akwai, kuma ba kai kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a wasan ba su cika yin ƙarya ba, don sun gane wanda aka kama sau biyu ba mai sake ƙulla komai da shi. Kana iya cewa "ba zan yi maka alkawari a kan Galicia ba", ko "ƙawancenmu zuwa ƙarshen 1904 ne, bayan nan kowa tasa ta fisshe shi". Mutumin da aka san maganarsa ɗaya ce yana da jarin da mayaudari ba shi da shi.

Akwai kuma salon da ake yi ba tattaunawa sam, kowa ya karanci niyyar wani daga tafiyarsa kawai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ta fuskar addini, ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya shiga, kuma kada a matsa masa.

A sa kuɗi don a ƙara wa abin zafi?

A'a. Ya zama caca, kuma cin amanar da za a yi dariyarsa bayan an tashi ya zama gaba ta gaske.

In alƙali ya yi kuskure a hukunci?

Zai yi, musamman inda fito da goyon baya suka sarƙe. A rubuta tun farko: duk wanda ya ga kuskure ya faɗa kafin wa'adi na gaba, a gyara, a ƙara kwana guda. In an riga an wuce zagaye ba wanda ya lura, hukuncin ya zauna, domin mutane sun gina shirinsu a kansa. Alƙali ya taimaki kansa da manhajar da ke yanke hukuncin wasan, irin su jDip ko allon gwaji na Backstabbr: ya yi lissafinsa da hannu, sannan ya gwada da na'ura.

'Yan wasa na iya neman taimakon kwamfuta?

Tambaya ce da ba a yi ta a da. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta ya bayyana wata manhaja mai suna Cicero, wadda ta yi wasanni 40 da mutane a intanet tana tattaunawa da su a rubuce, ta kuma shiga cikin kashi 10 na sama a tsakanin waɗanda suka yi wasa fiye da ɗaya. Don haka dole a yi maganar kafin a fara. A ganina, mutum ya gwada tafiyarsa a allon gwaji don ya ga ko ƙa'ida ta yarda, wannan ba laifi. Amma saƙon da zai aika wa ɗan'uwansa ya fito daga kansa. Mutane shida sun ba da wata uku na rayuwarsu ne don su yi hulɗa da kai.

Yaya wasa ke ƙarewa?

Ko wani ya kai 18 bayan kaka, ko waɗanda suka rage su amince a tashi canjaras. Na biyun ya fi yawa, kuma akwai dalili a jikin taswirar. Akwai wani layi da ya ratsa ta daga wajen St Petersburg, ya bi ta Jamus da Suwizalan, wadda ba a shiga, ya sauka yammacin Bahar Rum, ya raba cibiyoyin 17 da 17. In masu tsaro suka jera rundunoninsu daidai a kansa suna goyon bayan juna, ba ƙarfin da zai fasa. Mai neman 18 dole ya tsallaka ya kama wani abu a ɗaya ɓangaren, irin su Munich, Marseilles ko Tunis, kafin a rufe masa ƙofa. Shi ya sa da zarar wani ya kai 13 ko 14 za ka ga maƙiyan jiya sun haɗa kai, kuma a nan ne mai cibiya biyun nan da bai gudu ba yake zama mutumin da kowa ke nema, don wataƙila rundunarsa guda ce ke toshe ƙofar.

Ƙuri'ar canjaras a yi ta a asirce ta hannun alƙali, ya faɗi sakamako kawai, "ta wuce" ko "ba ta wuce ba", kada ya faɗi wanda ya ƙi. Sai kowa ya yarda take wucewa, kuma bisa littafi duk wanda ke da sauran cibiya yana cikinta. Yana da kyau a sa shekarar rufewa tun farko, misali ƙarshen 1910, a kuma faɗi yadda za a jera matsayi in an kai can.

Wanda aka cinye da wuri, me zai yi?

Ya ci gaba da kallo in yana so, amma ya kama bakinsa. Ya san sirrin mutane da yawa, kuma bai halatta ya zama ɗan rahoton wani ba. Alƙali ya kira shi a ranar da aka share shi ya yi masa godiya. Mutum ya yi makonni yana fama, bai kamata labarinsa ya ƙare da layi ɗaya a cikin sakamako ba.

Bayan an gama fa?

Akwai al'ada tun zamanin wasiƙu: kowane ɗan wasa ya rubuta bayanin yadda ya ga wasan, abin da ya shirya, wanda ya yarda da shi, ranar da ya yanke shawarar juyawa da dalilinsa. Kada ka bari a watse ba a yi wannan ba. A nan ne wanda aka ci amanarsa a 1904 zai ji cewa ba ƙiyayya ba ce, jirginsa ne da ya matso kusa da Brest, cibiyar Faransa, ya tsorata maƙwabcinsa. Yawancin ɓacin rai a nan yake wankewa. Alƙali kuma ya fitar da jadawalin cibiyoyin kowa shekara bayan shekara, ya faɗi abin da ya gani daga kujerarsa wanda ya yi wata uku yana haɗiyewa.

In alƙalin ne kansa wani uzuri ya taso masa?

Tun ranar farko ya ajiye komai wuri guda: dokokin da aka amince da su, taswirar kowane zagaye, jerin masu cibiyoyi, lambobin 'yan wasa da na benci. Ya kuma sami mutum ɗaya a waje, wanda ba ya wasa, da ya san inda kayan suke. In uzuri ya zo, ya sanar, a tsayar da agogo, wancan ya karɓa. Umarnin da aka riga aka aiko na zagayen da ake ciki a soke su, kowa ya sake aikawa ga sabon alƙali, a ba da cikakken wa'adi daga ranar da ya karɓa.